Filin Tambayoyin Masu Karatu: ƙ ta Koma Æ™, Lissafin Wata Guda Ya Ɓace

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamin sakandare ne a Pantami, cikin garin Gombe. Na rubuta ɗan shiri da Python mai zuba sunayen ɗalibai da makinsu a fayil ɗin CSV, wato fayil na rubutu zalla da ake raba bayanansa da waƙafi. Da farko, da ya iso kan ƙ ko ɗ sai ya tsaya da saƙon UnicodeEncodeError. Wani ya ce in sa utf-8, na sa, ya daina tsayawa. To amma yanzu in na buɗe a Excel, inda na rubuta "makin ƙarshe" sai in ga "makin Æ™arshe". Ina gyaran yake?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Matsalolin nan biyu uwarsu ɗaya. Kwamfuta ba haruffa take ajiyewa ba, lambobi take ajiyewa, kuma dole mai rubutawa da mai karantawa su yi amfani da jadawali ɗaya na cewa lamba kaza ita ce harafi kaza. In ba ka faɗa wa Python komai ba, a yawancin kwamfutocin Windows da ke hannunmu zai ɗauki jadawalin cp1252. Gurbinsa bai wuce 256 ba, an yi shi ne don harsunan yammacin Turai, babu ƙ, ɗ, ɓ ko ƴ a ciki. Shi ya sa shirin ya cije.

Da ka koma utf-8, wato tsarin da ke ɗauke da haruffanmu duka, rubutun ya shiga lafiya lau. A wannan tsari ƙ bait biyu take ci (bait shi ne gurbin lamba ɗaya a ajiyar kwamfuta), C6 da 99. Excel ne ya karanta su ɗai-ɗai da tsohon jadawali, inda C6 ke nufin Æ, 99 kuma ™. Haka ɗ za ta fito maka É—. Ke nan fayil ɗinka kalau yake, karatun ne ya karkace. Ga yadda za ka buɗe shi:

with open("maki.csv", "w", encoding="utf-8-sig", newline="") as f:

Wannan "sig" ɗin bait uku yake sawa a farkon fayil, EF BB BF, su ne ke shaida wa Excel tsarin da zai bi. Shi kuma newline="" yana hana layin da ba komai ya riƙa shiga tsakanin ɗalibi da ɗalibi. Wajen karantawa ma ka sa utf-8-sig, in ba haka ba bait ukun nan za su manne wa kanun farko, ka nemi "suna" shirin ya ce maka KeyError alhali kana ganinsa ƙuru-ƙuru.

Abu biyu don Allah ka kiyaye. Kada ka karɓi shawarar sa errors="ignore". Saƙon kuskuren zai tafi, amma da haruffanmu zai tafi, "ƙarshe" ta koma "arshe", yaro ya karɓi takardar sakamako da gurgun suna. Sannan in ka ga rubutu ya rikice a Excel, rufe kawai, kada ka adana. In ka adana, rikicin na iya zama a fayil ɗin dindindin.

Tambaya: Ina riƙe lissafin shagon hatsin maigidana a Kumo. Kullum da yamma shirina yana rubuta cinikin ranar a fayil. Da na duba a ƙarshen wata, na jiya kaɗai na tarar. Akwai kuma ranar da aka ɗauke wuta, fayil ɗin ya zama wayam.

Amsa: Sannu, Malama, wannan asara ce mai ciwo. Duba layin da kika buɗe fayil ɗin, kusan tabbas "w" kika sa. Harafin nan yana share duk abin da ke ciki a daidai lokacin buɗewa, tun kafin a rubuta ko kalma ɗaya, kuma abin da ya share ba ya zuwa kwandon shara balle a ɗauko. Mai ƙari a kan na jiya shi ne "a". Akwai kuma "x", wanda ke ƙin buɗewa in akwai fayil mai wannan suna. Ya fi dacewa in kowace rana da fayil ɗinta.

Batun wuta kuwa, Python ba ya kai kowane layi faifai nan take. Yana tara su a ƙwaƙwalwa, sai sun taru ko an rufe fayil. To "w" ya riga ya share tsohon, sabon bai sauka ba, wuta ta tafi. Yin amfani da with yana tabbatar da rufewa ko shirin ya yi kuskure a tsakiya, amma ba ya maganin ɗaukewar wuta. Duk ranar da ya zama dole ki sake rubuta fayil gaba ɗaya, kada ki taɓa na ainihin. Rubuta a wani, misali "ciniki.tmp", a cikin folda ɗaya. Kafin rufewa ki kira f.flush(), sai os.fsync(f.fileno()), su ne ke tilasta wa rubutun sauka kan faifai. Bayan an rufe sai os.replace("ciniki.tmp", "ciniki.csv"). Ko a tsakiyar aiki wuta ta tafi, tsohon lissafinki na nan cikakke. Duk Juma'a kuma ki kwafa a filashi, da kwanan wata a jikin sunan.

Tambaya: Ni ɗalibi ne daga Bajoga. Fayil yana nan ina kallonsa, amma Python ya ce FileNotFoundError.

Amsa: Python yana nema ne a foldar da aka tashi shirin daga cikinta, ba lalle inda ka ajiye shi ba. Buga print(os.getcwd()) ka ga inda yake tsaye. Windows kuma kan ɓoye wutsiyar suna, abin da kake gani "kaya.txt" wataƙila "kaya.txt.txt" ne. In cikakkiyar hanya ka rubuta, ka lura da karan nan \, domin \n sabon layi yake nufi, \t kuma tazara. Sa r kafin alamar zance, kamar r"C:\aiki\takardu.txt", ko ka yi amfani da / wanda Windows ma yana karɓa.