Korar mataimakin koci a tsakiyar kaka: gyara ne ko huce haushi?

Tambaya: Malam, ina bin ƙwallon Amurka na jami'o'i. Ni da abokaina kullum muna musu idan an sallami mataimakin koci ana tsakiyar kaka. Su suna cewa yana gyara ƙungiya, ni kuma ina ganin zalunci ne. Wa ke da gaskiya?

Amsa: Ɗan'uwa, na fi karkata wajenka, amma ba gaba ɗaya ba. Kakar jami'o'i gajeriya ce, wasa 12 ne kawai, shi ya sa haƙuri ke saurin ƙarewa. A 2018 Jami'ar Oklahoma ta kori Mike Stoops, mataimakin koci mai kula da tsaron baya, bayan Texas ta doke ta 48 da 45. A 2023 Jami'ar Kudancin California (USC) ta sallami Alex Grinch, shi ma mai kula da tsaron baya, bayan Washington ta ci ta 52 da 42. Duk biyun, magoya baya sun daɗe suna kuka kafin a kai ga korar.

Abin da ke damuna shi ne yaran. Ɗalibai ne, sun shafe watanni suna haddace tsarin wasa, ba za a sauya musu shi cikin mako guda ba. Sau da yawa mataimakin nan shi ne ya je har gida ya shawo kan iyayensu. Ga kuma sa hannun sababbin 'yan wasa da ake yi a Disamba. Korarsa na iya sa wasu su janye alkawari.

Abokanka suna da hujja idan 'yan wasa sun daina sauraron kocin. Nan kam jira sai ƙara ɓarna.