Magini ya ce ba sai da izini ba, ga shi lauyan mai saye ya tsaya kan satifiket

Hajiya na ga saƙonki. Kin fasa bangon da ke tsakanin falo da kicin a gidanki na Ingila, kin kuma mayar da ƙarƙashin rufi ɗakin kwana, yanzu za ki sayar an ce sai takarda. To gaskiya magininki rabin zance ya gaya miki.

Abu biyu ne daban, duk da dai kansul, wato ƙaramar hukumar yankinku, ce ke kula da su. Izinin gini shi ruwansa da waje ne, girman ginin, tsayinsa, yadda zai fito a layi, ko tagarki na leƙa gidan maƙwabta. Aiki irin naki sau da yawa doka ta yafe wannan in dai ƙarin rufin bai wuce kubik mita 40 ba a gidajen da ke manne a jere, ko 50 a sauran. Amma ƙa'idojin ingancin gini fa ba a yafe su ba, su ne ke duba ko ƙarfen da aka sa a madadin bangon zai ɗauki nauyin sama, da matakala, da ƙofofin da ke tare wuta, da ta inda yaro zai fita in gobara ta tashi da tsakar dare. Takardar wannan ce ake nema a wajenki.

Za ki iya neman kansul ta zo ta duba aikin ta ba ki satifiket a makare, doka ta yarda da hakan ga aikin da aka yi daga 11 ga Nuwamba 1985, sai dai ki shirya, za su iya cewa a ɓare filasta ko a ɗaga katakon bene su gani da idonsu, abin da bai cika ƙa'ida ba kuma ke za ki gyara da kuɗinki. Ko kuma ki sayi inshorar da za ta kare mai saye in kansul ta taso. Ta fi sauri da araha amma ba ta ƙara wa ƙarfe ƙarfi, kuma da kin buga wa kansul waya yawancin kamfanoni ba za su sayar miki ba, don haka kar ki kira kansul sai kin zauna da lauyanki tukuna.

Ni dai tunda bango aka taɓa, injiniya zan fara kawowa ya duba ƙarfen nan, rahotonsa shi zai nuna wacce hanya ta fi miki.