Amsa ga 'yar'uwarmu mai ciwon baya a aikin hidimar fasinja a jirgin sama

Wa'alaikumus salam ƙanwata, Allah ya ƙara sauƙi. Kin ce wata takwas ke nan bayanki na ciwo, hoton MRI ya nuna faifan tsakanin ƙashin baya ya ɗan turo, likita ya tura ki fisiyo (masu magani ta hanyar motsa jiki), ya kuma ce ki ga masanin halayya, ke kuwa kina ganin ya raina ciwon ne. Na daɗe a aikin nan, ciwon ma ya taɓa ni sosai, don haka ina roƙonki kada ki watsar da shawararsa.

Ciwonki na gaske ne, aikin kuma yana da hannu a ciki. Tura keken abinci jirgi na cikin hawa, sunkuyon zaro tire daga ƙasan keke a kicin ɗin da ko juyawa ba ka iya yi, ga barcin da ba shi da lokaci. Wanda ya yi jigilar alhazai daga Kano zuwa Jidda ya san sauran: dattijuwa ta miƙo miki jaka tana "'yata taimaka", ba ki da zuciyar ƙi, sai ki ɗaga sama kina murɗa ƙugu.

Amma hoton nan kada ya tsorata ki. Wani nazari na 2015 da ya tattara hotunan mutanen da ba sa jin ciwo ko kaɗan ya samu irin wannan turowar a kusan kashi 30 cikin 100 na 'yan shekara 20, kuma adadin na ƙaruwa da shekaru. Idan ciwo ya wuce wata 3, sau da yawa wurin ya warke, amma jijiyoyi sun saba da kai ƙara. Tsoro, gajiya da rashin barci na ƙara hura musu wuta.

A nan masanin halayya ke shigowa, da hanyar da ake kira CBT, wato koya wa mutum sauya tunaninsa da ɗabi'unsa game da ciwon. Wadda na gani ba ta tambaye ni tarihin yarinta ba. Cewa ta yi in rubuta duk motsin da nake gudu. Sai ga shi har ruku'u na daina, sallah a zaune nake yi, cokali in ya faɗi sai na riƙe numfashi, na ƙame jiki kamar sanda kafin in ɗauka. Muka riƙa komawa kansu ɗaya bayan ɗaya, daga mai sauƙi. Ta kuma hana ni halin nan namu: ranar da aka ji dama a yi wanki da shara da kasuwa, sai a kwanta kwana biyu. Ta sa na tsayar da gwargwado ɗaya, ko da sauƙi ko babu, ina ƙarawa kaɗan kaɗan kowane mako. Wallahi wannan ya fi komai yi min amfani.

Motsa jikin ba sai kin je jim ba. Tafiya da ƙafa kullum, sannan a ɗakin otal ki shimfiɗa tawul: ki kwanta rigingine ki tanƙwara gwiwa ki ɗaga ƙugu, ko ki yi rarrafe ki miƙe hannun dama da ƙafar hagu, ki sauya. Likitan fisiyo zai daidaita miki. Makonnin farko ciwon na iya ɗan tashi, ba alamar ɓarna ba ce matuƙar ya lafa zuwa washegari.

Hukumar Lafiya ta Duniya ma, a ƙa'idojinta na Disamba 2023, motsa jiki da CBT ta ba da shawara, ta ce a bar bel ɗin ɗaure ƙugu da magunguna dangin tramadol. Diclofenac kuwa na ɗan lokaci ne, yana taɓa ciki da ƙoda.

Sai dai idan kika ji dindiris a tsakanin cinyoyi, fitsari ko bayan gida ya ƙi riƙuwa, ƙafa ta yi rauni, ko zazzaɓi da rama suka biyo baya, asibiti za ki tafi a ranar, kada ki hau jirgi. Ki kuma sanar da likitan kamfaninku tun yanzu, jaka mai nauyi kuma ki kira abokin aiki ku ɗaga tare.