Yana buga sama da .300, amma har yanzu yana High-A: an zalunce shi ne?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zaune a New York. Ɗan ƙanwata yana buga besbol a ƙaramar ƙungiya ta matakin High-A (ɗaya daga cikin matakan renon 'yan wasa da ke ƙasa da babbar gasar MLB), shekarunsa 24. Bana matsakaicin bugunsa ya haura .300 (wato yana cin nasarar bugu fiye da uku a kowane goma), yana kuma cikin masu yawan hom-ron (bugun da ke tsallakar da ƙwallo bayan shingen fili), amma ba a ɗaga shi zuwa mataki na gaba ba. Wani yaro ɗan shekara 19 da bai kai shi ba shi ake ta yabo. Mahaifiyarsa ta hana kanta barci, tana ganin son kai ne. Wani mutum ya ce in mun biya shi kuɗi zai haɗa shi da manya. Me za mu yi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Bari in fara da mai neman kuɗin nan: kada ku ba shi ko sisi. Wakilin ɗan wasa na gaske kasonsa yake cirewa daga kwantiragi bayan an sa hannu. Ɗaga ɗan wasa kuwa hukunci ne na sashen renon 'yan wasa na ƙungiyar, ba wani ɗan kamasho da ke da hanyar sayen sa.

Sai .300 ɗin nan, wadda ta ishe ni ji. Kullum sai wani ya turo mini hoton lambobi yana cewa an ci amanar ɗansa. Malam, kafin mai tantance 'yan wasa ya kalli matsakaicin bugu, shekaru yake dubawa. Galibin 'yan High-A suna wajajen 22 zuwa 23. Ɗan 24 da ya gama jami'a yana dukan jifan yara, kamar ƙato ne ya shiga kokawa da samari: in ya kayar ba labari, in bai kayar ba ne za a yi magana. Ɗan 19 kuwa da ke iya tsayawa gaban waɗanda suka girme shi da shekara uku ko huɗu, ko bugunsa bai kai ba, shi ne abin kallo, domin jikinsa da idonsa ba su gama nuna ba.

Filin ma yana yaudara. A Albuquerque, Reno da Salt Lake, garuruwa masu tudu, iska ba ta da kauri, ƙwallo tashi take yi, jifa mai lanƙwasa kuma ba ta karyewa sosai. A filayen Florida akasin haka ne. Ka tuna Brandon Wood: a 2005 ya buga hom-ron 43 a Rancho Cucamonga, ƙungiyar High-A ta Angels a lokacin, aka yi ta cewa babbar ƙungiyar ta samu tauraro. Da ya je babban gasa, .186 ya tashi da shi gaba ɗaya. Rauninsa yana nan tun a ƙananan matakai, yawan kai duka ga iska, amma masu zuga ba sa karanta wannan layin. Mike Trout kuma .220 ya buga a wasanni 40 na farko a 2011 yana ɗan 19 zuwa 20, shekara ta zagayo ya zama gwarzon sababbin 'yan wasa. Masu bidiyon YouTube da ke yanka hom-ron biyar su haɗa da kiɗa ba su taɓa nuna maka sau ashirin da yaron ya bi ƙwallo cikin ƙasa ba.

Abin da za ku duba: sau nawa ake fitar da shi da jifa uku, sau nawa yake haƙuri har a ba shi tafiya kyauta, ƙarfin da ƙwallo ke fita da shi daga sandarsa, da yadda yake yi da jifa mai gudun mil 95 a awa. Sai matsayinsa a fili. Mai tsaron tsakiya ko mai kama jifa ana yi masa uzuri a bugu. Mai tsaron gida na farko ba a yi masa. Masu tantancewa suna ba kowace baiwa maki daga 20 zuwa 80, 50 ne matsakaicin ɗan babban gasa. Ɗan ƙanwarka ya tambayi kociyansa kai tsaye nawa suka ba shi, kuma me suke so ya gyara.

Double-A, matakin da ke sama da High-A, ita ce mahaɗar gaskiya, kuma lokacinsa yana tafiya, ban ɓoye maka ba. Tun 2021 ƙananan ƙungiyoyin suka koma 120, gurabe sun ragu. Amma wanda ya sa hannu yana da shekara 19 ko fiye, in ya cika kaka huɗu ba a sa shi cikin jerin mutum 40 da babbar ƙungiyarsa ke karewa ba, wata ƙungiya na iya ɗaukar sa a zaɓen Rule 5 na watan Disamba. Saboda haka ba ƙungiyarsa kaɗai ke kallonsa ba. Ka faɗa wa Hajiya haka, ta daina kiran kociya a waya.