Me ya sa Sabo Bakin Zuwo bai daɗe a mulkin Kano ba?

Malam, ka tambayi dalilin da ya sa Sabo Bakin Zuwo ya yi wata uku kacal a kujerar gwamna. Soja ne suka katse shi. An rantsar da shi a Oktoba 1983 ƙarƙashin jam'iyyar PRP bayan ya kayar da Abubakar Rimi, sai Janar Buhari ya yi juyin mulki ranar 31 ga Disamba.

Amma don Allah kada ka auna shi da wata ukun nan kawai. Ya zama sanata a 1979, kuma ya yi gwagwarmayar jam'iyyar NEPU a bayan Malam Aminu Kano. Mu da muka taso a cikin birni mun san sinimar Palace da ya mayar asibiti, iyayenmu mata sun sha zuwa awo can.