Ga ɗan'uwan da burauza ke cinye wa forfe

Ɗan'uwa, sannu. Ciwon da ke damunka ya taɓa damuna. Ka ce kana sa forfe da safe, ka yi partaj daga salula zuwa kwamfuta, kafin azahar mega sun ƙare don burauza na sabunta kanta ba ta tambaye ka ba, kana son a nuna maka yadda ake kashe mizajur ɗin, wato wannan sabuntawar, gaba ɗaya. Don Allah kada ka kashe shi. Ɗaure shi za ka yi kamar akuya a turke, ka riƙa kwancewa lokacin da ka ga dama.

Ni shagon buga takardu da fotokopi gare ni a unguwar Ali Ɗan Sofo, cikin Maraɗi. Da abin ya ishe ni na ɗauki kwamfuta na kai wa wani mai gyara a babbar kasuwa. Ya karɓi jaka biyu, ya shiga can cikin injin ya goge wasu abubuwa, ya ce an gama, har abada. Forfe kuwa ya riƙa kwana, har ina sa mishi albarka.

Sai lokacin rajistar ɗalibai ya zo. Shago cike, zafi, wuta ta dawo ke nan. Wani dattijo ya taho daga wajen Tibiri da ɗiyarsa, takardunta cikin leda, kuma ranar za a rufe. Na buɗe shafin, ya ce burauzata ta tsufa. Na cika komai, maɓallin aikawa ya ƙi dannuwa. Na ce to bari in sabunta yanzu, ashe abin da ke jawo sabuntawar shi mutumen ya tumɓuke. Ina zufa ina danne-danne, yarinya ta zuba mani ido. Dattijon bai ɗaga murya ba, ya ce, "Malam, in ba ta yi, ba mu takardunmu." Suka tsallaka wurin maƙwabci, layi ya bi su. Da na koma wa mai gyaran sai ya ce wai rezo ne. Rezo! Har ya nemi wasu kuɗin na sake sa burauza, kuma da ya sa, kalmomin sirrin da na adana duk sun tafi. Ko haƙuri bai ba ni ba. Har yau in na bi ta layinsu kauda kai nake.

Kai dai fara da Windows, don sau da yawa ita ce babbar mai cin, burauza ake ɗora wa laifi. Kwamfuta na ɗaukar partaj kamar wifi marar iyaka. A Windows 10 ko 11 shiga parametir, rezo da intanet, wifi, danna sunan salularka, ka kunna koneksiyon limite, wato layi mai iyaka. Daga nan za ta jinkirta yawancin manyan lodi. Edge, burauzar da ke zuwa da Windows, ita ma na da maɓallinta a shafin bayanin burauzar, na ko ta sauke sabuntawa a kan irin wannan layi ko a'a.

Chrome a kwamfuta ba ta da maɓallin kashewa cikin parametir, shi ya sa masu gyara ke yin aika-aika. Firefox ta fi ba mutum iko: akwai zaɓin ta duba ko sabo ya fito amma sai ka yarda ta sa. Zaɓin kada ta duba sam an cire shi tun 2018. Akwai kuma Firefox ESR, wadda babban canjinta kusan sau ɗaya ne a shekara, sai gyaran tsaro a tsakani. Ita nake aiki da ita yanzu. A 2021 Chrome ta koma fitar da sabon zubi duk sati huɗu, kuma cikin abin da sabon zubi ke kawowa akwai toshe kafofin da ɓarayin intanet ke bi. Mu da ke shigar da bayanan mutane ba mu da ikon wasa da wannan.

Salula kuwa a Play Store ake yi: parametir, zaɓin rezo, ka sa sabuntawa ta wifi kaɗai. Ka leƙa WhatsApp ma ka hana bidiyo sauka da kansu, gurup ɗin dangi kaɗai ya isa ya talauta mutum, wa'azi da biki da tallar atamfa ba dare ba rana.

Ni forfen dare nake saye in sabunta komai, bayan na tabbatar batir a cike yake saboda ɗaukewar wuta. Af, in Windows 7 gare ka, Chrome ta tsaya a 109 tun farkon 2023, ba ita ke ci maka mega ba, wani abu ne daban. Faɗa mana wace Windows ce da wace burauza, in na rufe shago bayan isha'i sai in turo maka hoton wurin da za ka danna.