Amsar tambayarka kan filtar baƙin man da na sa ka mayar

Sani, na ga saƙonka tun jiya da daddare, gajiya ce ta hana ni amsawa. Kace "Oga dan Allah me yasa ka sa na mayar da filtar da na siyo wa Mercedes E350 ɗin Alhaji, alhali tsawonta ɗaya da tsohuwar, ta zauna a gidanta daidai, kuma rabin kuɗi ce?" Sannan ka ƙara da cewa wai motocin yanzu da suke zuwa da takarda zalla ba gwangwani, anya ba rowar kamfani bace. Toh madalla, ni nafi son yaron da zai tambaya akan wanda zai ce "toh Oga" ya juya yana ƙunƙuni a bayan gareji.

Abu na farko da nake so ya zauna maka a kai, shiga daban dacewa daban. Filta ta ɗauru ko ta zauna a gida ba shine ya nuna ta injin bace. Abin da ke cikinta shine magana, kuma shi baka ganinsa a kwali.

Kasan tsakanin karanshaf da metal ɗinsa, wato ƙarfen da yake juyi a cikinsa, akwai ƴar tazara da baƙin mai ke kwanciya a ciki, ƙarfe baya taɓa ƙarfe, akan man yake yawo. Wannan tazarar a yawancin injinan ƙananan motoci bata wuce maikiron 20 zuwa 50 ba (maikiron dubu ne ke yin milimita ɗaya), gashin kanka kuwa kaurinsa wajen maikiron 70 ne. Kaga kenan dattin da ke cin metal ba wanda kake gani da ido bane a ƙasan bokitin juye, wancan ƙato ne ko tsumma zai tare shi. Na tsoro shine ɗan mitsitsin da zai iya kutsawa cikin tazarar ya riƙa karce ƙarfe kamar sanfefa. Shi yasa kamfanonin kirki suke rubuta kashi nawa cikin ɗari filtarsu ke kamawa a maikiron 20 ko 30, akwai ma gwajin da ake musu mai suna ISO 4548-12. Mai jabu ba ruwansa da wannan, fenti da tambari kawai ya iya.

Lokacin da nake kamarka 504 muke yi da tsofaffin Corolla, ka zuba musu 20W-50 mai kauri kamar zuma, ka ɗaura duk filtar da zarenta ya shiga, su kai ka Maiduguri su dawo ba ko tari. Injinan yanzu masu ƙarfi ba haka suke ba. Baƙin mai ya tashi daga shafa wa ƙarfe kawai, yanzu aiki ake sa shi. Shi ke daidaita taimin ɗin kamshaf a tsarin VVT-i na Toyota da VANOS na BMW ta wasu ƴan solonoid masu rariya siririya, shi ke tura tenshina ya ja sarƙar taimin, shi ake fesawa ƙarƙashin fistin dan ya huce, in kuma akwai tobo, sandar cikinta tana juyi sama da dubu 100 a minti ɗaya kuma akan man nan take kwance, ga zafin salansa a jikinta. Man ma an tsinka shi, 5W-30, 0W-20, ka taɓa shi kamar ruwa. Injin da ya dogara da mai haka dole a canza masa irin filtar, shi yasa kamfanoni suka canza.

Mu dawo kan ta Alhaji. Injin ɗin M272 ne, V6, irin wanda ke cikin C300 da GLK350 da ML350 na shekarun. Mercedes sun tsawaita lokacin juye a motocinsu, sai ya zama takardar da aka saba, wadda ake yi da itace, bata iya daɗewa cikin mai mai zafi har tsawon lokacin, tana yin laushi ko ta bushe ta riƙa karyewa. Sai suka koma wata fara mai kama da audugar roba, in ka duba ta kamfanin Mann lambarta HU 718/5 x. Wadda ka siyo ruwan ɗorawa ce, takarda ce, naɗinta ma da na ƙirga bai kai na tsohuwar ba, kuma da na matsa bakinta da babban yatsa sai naji gam ɗin yana ɗagawa. Kai tsawo ka auna, ni naɗi na ƙirga. Yawan naɗin nan shine faɗin wurin da mai zai bi ya wuce da wurin da datti zai zauna, in ya yi kaɗan da wuri take cika.

In ta cika me ke faruwa? Nan ne wurin da yara da yawa basu gane ba, har wasu manyan ma. Duk tsarin filta akwai wata ƙofar gudu, bawul ne mai sifirin, in mai ya kasa ratsa takarda sai matsi ya tura sifirin ɗin ƙofar ta buɗe man ya zagaye ya tafi injin ba tacewa. Da gangan aka yi ta, dan gara mai mai datti da babu mai sam. Matsalar ita ce ba fitilar da zata kama a dashbod ta gaya maka ƙofar nan a buɗe take, mota na tafiya lafiya lau, mai ita na jin daɗi, ashe wata biyu kenan injin na shan ƙasa. Kuma ba sai ta cika ba ma, da sanyin asuba lokacin hunturu mai ya yi kauri, mutum ya tada mota ya taka totur kamar ana binsa, ƙofar buɗewa take.

Ƙarfin sifirin ɗin nan kuma ba ɗaya bane a kowace mota, kuma yana cikin abubuwan da aka canza. Filtocin gwangwani na gama gari suna buɗewa wajen psi 8 zuwa 15, psi ma'aunin matsi ne. Subaru tasu sai wajen psi 23, saboda famfon mansu na turo mai da yawa. General Motors a Amurka suma da suka canza famfon mai a sababbin injinansu sai suka fito da filta PF64 mai psi 22, alhali tsohuwar PF48 tana buɗewa a 15, zarensu ɗaya, kowacce zata ɗauru a wurin ƴar uwarta. Ka ɗaura filta mai sifirin mara ƙarfi a injin mai turo mai da yawa, duk sanda direba ya taka wuta ƙofar zata buɗe, wato daidai lokacin da injin yafi buƙatar mai mai tsafta lokacin ne baya samu.

Akwai kuma robar da kake hangowa ta cikin ƴan hujojin gindin gwangwani. Aikinta ta hana mai zurarewa ya koma ƙasa in an kashe mota. Baƙa ce a masu araha, zafi na busar da ita ta sandare. Masu kyau ja ce ko ruwan lemo, silikon, tana jure zafi. In kaji mai mota yace da safe in ya tada tana yin kar-kar-kar na ɗan lokaci sannan ta yi shiru, kafin ka fara tsorata shi da maganar sauke injin, duba filtar tukuna.

Maganar takarda zalla kuwa, ba sabon abu bane, tsohon yayi ne ya dawo. Tun 1923 aka fara filtar mai ta Purolator a Amurka, kuma shekara da shekaru takarda ake canzawa a cikin gida, gwangwanin ɗaurawa sai a shekarun 1950 ya shigo. Turawa sun koma mata ne dan a rage ƙarfen da ake zubarwa da ragowar man da ke maƙalewa a gwangwani, kuma gidan filtar sai su haɗa shi da kular mai a wuri ɗaya a saman injin. Ni abin da yafi burge ni da ita, ƙofar gudun nan tana jikin murfi ko gidan, kamfani ne ya saita ta, ɗan kasuwa bai isa ya canza maka ita ba. Kuma in ka ciro tsohuwa kana ganin cikinta da idonka, in akwai ƙyalƙyalin ƙarfe ka san metal ya fara ci. Amma ban ce ta fi ta kowane fanni ba, Toyota da kansu bayan sun yi shekaru da takarda a injinansu 2GR da 2AR, da suka fito da Camry 2018 mai injin 2.5 sai suka koma gwangwani, ni dai a ganina sun gaji da murafun robar da ake fasa musu ne.

Kuma mu muke fasawa. Murfin nan an rubuta 25 Nm a jikinsa, wato ƙarfin ɗaurin da ake so, ba da bututu ake ɗaure shi ba, O-ring, zoben robar nan, shi ke riƙe mai ba ƙarfin damtsenka ba. A Mercedes ɗin nan robobin ba ɗaya bane, akwai babba a murfi da ƙanana a jikin sandar, duk ka canza su ka shafa musu mai, ƙananan nan su ke toshe hanyar da man gidan filta ke bi ya sauka ƙasa. Shi yasa nake ce maka ka fara kwance filta kafin ka mayar da noti na ƙasa, dan tsohon man da ke gidan ya sauka ya fita. A BMW mai injin N52 kuma ka lura da kwandon tsakiyar murfi, wani lokacin yana fita tare da tsohuwar filta yaro ya jefar a bola, mota ta dawo da kod ɗin VANOS ana ta canza solonoid a banza.

Ni ma sai da na biya kuɗin makaranta kafin na koya. Wata V6 na yiwa sabis shekarun baya, mai ita yana sauri zai yi tafiya, na karɓi filta a wani shago ban ko buɗe kwalin ba. Bayan wata uku ta dawo fitila a kunne injin na rawa, na buɗe murfi na tarar da takardar ta murɗe kamar an matse wanki, gefe ɗaya ya yage, gutsattsarinta sun je sun toshe rariyar solonoid. Allah ya rufa asiri metal bai tafi ba, amma kwana biyu na yi ina wanke hanyoyin mai kyauta, mutumin kuma har yau in mun haɗu a masallaci gaisawa kawai muke, motarsa bata sake shigowa garejina ba.

Sannan ko ta kirkin ce ka saka, kar ka biye wa lissafin Jamus na kilomita dubu goma sha. Su basu da ƙurar hunturu, basu da zafin watan Afrilu, basa tsayuwa a gosulo irin namu da AC a kunne, man da muke samu ma ba kullum ake da tabbacinsa ba. Motocin da ke hannuna bana bari su wuce dubu 5 zuwa 7, kuma duk juye da sabuwar filta, wanda yace a wanke tsohuwa da fetur a mayar ka turo shi wajena.

Gobe kafin ka shigo ka biya Ƙofar Ruwa wajen mutumin da na nuna maka rannan, ka bashi lambar da ke sama, ka buɗe kwalin a gabansa ka tabbatar fara ce kuma robobinta sun cika. In ka iso ka ɗauko zarto da tsofaffin gwangwanaye biyun nan da ke ƙarƙashin benci, shuɗiyar da baƙar, zamu yanka su ka ƙirga naɗin da hannunka ka danna sifirin ɗin kowacce kaji. Kuma kar ka makara, Alhaji yace ƙarfe 11 direbansa zai zo.